Muryar Madam Basira da Aka Yanke

A Gidan Sori aka haifi Basira, a gidan Malam Inusa. Kakan Malam Inusa daga wajen Katsina ya zo, da jaki guda da gafakar littattafai, aka ba shi gona a gefen gari, zuri'arsa ta zauna. Shi Malam Inusa da damina manomin gero da wake ne kamar kowa, da rani kuwa sai ya shimfiɗa buzu a zaure, magidanta su zo ɗaukar karatun fiƙihu. Abin da aka fi saninsa da shi son gardama. In ɗalibi ya karanta layi ya gyaɗa kai zai wuce, sai Malam ya ɗaga hannu ya ce, "Tsaya. Ka yarda don ka gane, ko ka yarda don ni na faɗa?" Wani lokaci har rana ta take tsaka ana kan jimla guda, muryoyi sun tashi kamar za a yi dambe, daga baya a kawo fura a sha tare.

Basira tana bayan dangar kara tana surfe, kunnenta yana zaure. Da ta isa shiga lakol, makarantar boko, maƙwabta suka ce ɗiyar malami ba ta da abin nema wajen mushe, wato malamin boko, amma uban ya kama hannunta da kansa ya kai ta. Ta yi koleji, ƙaramar sakandare, a Gidan Rumji, ta yi lise, babbar sakandare, a Maradi a gidan gwaggonta. A shekarar ƙarshe, ajin da ake kira taminal, aka fara koya musu falsafa. Sauran ɗalibai suna kuka da wuyar darasin, ita kuwa gani ta yi kamar zauren gidansu ne aka ɗauko aka zuba wa benci. Da ta ci bak, jarrabawar fita lise, ba ta yi shawara da kowa ba ta ce falsafa za ta karanta a jami'a.

A can ta fara cin karo da bango. Da lokacin rubuta kundin kammalawa ya yi, ta je buro, wato ofishin babban malaminsu, mutumin da ake ji da shi, wanda kullum ake gayyata gidan rediyo ya yi magana a kan ƴancin tunani. Ta ce tana so ta yi bincike a kan yadda malaman zaure na Gobir da Katsina suke auna hujja, yadda suke rarrabe abin da aka ji da abin da aka tabbatar. Ya saurare ta yana juya makullin mota a yatsa. Da ta gama ya yi murmushi, ya ce da Faransanci, "Wannan al'adu ne, ɗiyata, ba falsafa ba. Ki kai wa masu nazarin gargajiya. Falsafa tana da gidanta, kuma ba zauren babanki ba ne."

Ta dube shi. Baƙi ne wuluk kamar ita, ɗan ƙauye kamar ita, har da tsagen gado a kuncinsa. Ta buɗe baki za ta tambaye shi hujja, sai ta tuna shi ne zai sa hannu a takardarta. Ta haɗiye. Ta rubuta kundinta a kan wani Bature da ya mutu tun kafin a haifi kakanta, aka yaba mata, aka ba ta shaida. A cikin wannan shekarar Malam Inusa ya rasu, bayan gajeriyar jinya, kuma duk abin da ta so ta zauna ta tambaye shi ya tafi da shi ƙasa.

Ta auri Mustafa, dillalin aya a kasuwar Cadawa, mutum mai sanyin hali wanda ba ya son abin da zai hana shi barcin rana. Suka haifi ɗiya, Nazira. Gwamnati ta tura Basira wata lise a gundumar Gazawa, suka kama haya a garin, Mustafa yana zirga-zirga a kan babur ranakun kasuwa.

Aikin ba irin wanda ta yi mafarki ba ne. Ajin cike yake maƙil, wasu uku-uku a benci, wasu a kan bulo. Rabin shekara yajin aiki ya cinye. Ɗaliban kuma abu guda suke so: ta tsaya a gaban tablo, allon aji, ta yi musu shifta, su haddace, su juye ranar bak. Ita kuwa sai ta ajiye alli ta ce su yi gardama. Da ta ga Faransanci yana ɗaure musu harshe, sai ta riƙa barinsu su yi da Hausa a ƙarshen darasi. Nan take yaran da ake cewa daƙiƙai suka zama masu kaifin baki. Direktan makarantar, Mushe Munir, ya taɓa tsayawa a bakin taga ya saurara, daga baya ya kira ta ya ce, "Madam, ajinki kamar tashar mota. Kuma ba da Hausa za a yi musu jarrabawa ba." Ta ce ta ji, ta ci gaba da abinta. Haka ta yi shekaru, ana ƙorafi kaɗan-kaɗan, ba wanda ya ɗauki abin da zafi.

Ranar da abin ya faru, darasin yana cikin tsarin da gwamnati ta ba su. Rubutun wani masanin Turai ne na zamanin da, wanda ya ce baƙar fata ba shi da tarihi. Ana koyar da shi ne don ɗalibai su koyi rushe magana da hujja. Ta karanta da Faransanci, ajin ya yi shiru, wasu suna hamma. Sai ta ce bari ta juya musu shi da Hausa su ji ɗanɗanonsa. Ta ɗaga murya ta ce, "Baƙar fata ba shi da hankalin da zai riƙe kansa. Ba shi da tarihi. Kamar yaro yake, sai an ja shi."

Ajin ya kama da wuta. Wani ya buga benci, wani ya ɗura wa marubucin ashar. Ta ce, "Zagi ba hujja ba ne. Ku karya shi in kun isa." Suka shiga karyawa. Wani ya kawo ganuwar birane da sarautun da suka girmi zuwan Nasara. Wata ta ce mutumin bai taɓa taka ƙasarmu ba, jita-jitar ƴan kasuwar bayi ya tattara ya sa mata riga. Wani ya ce ai wanda zai ci dukiyarka dole ya fara cewa ba ka da hankali. Basira tana tsaye gefe, zuciyarta fari ƙal. Irin ranar da take jira ke nan.

Sai wata ɗaliba a layin baya ta ɗaga hannu. Batulu sunanta, daga wani ƙauye take zuwa kullum a ƙasa, kuma ba ta cika magana ba.

"Madam, ina da tambaya. Mun ce Baturen ya yi ƙarya da ya auna mutum da asalinsa. To, kawuna Malam Abdulmumini duk ƙauyenmu ba wanda ya kai shi karatu. Liman kansa wajensa yake zuwa in mas'ala ta ɗaure. Amma ko liman ya yi tafiya ba a barinsa ya ja salla, wai kakansa bawa ne. Mi ya raba wannan da maganar Baturen?"

Basira ta san tana iya cewa lokaci ya ƙure. Ta san tana iya cewa wannan ba ya cikin darasi. Amma yarinyar tana kallonta, kuma duk shekara abin da take gaya musu ke nan, cewa ba a korar tambaya.

Ta ce, "Tambayarki tana kan hanya. Ba wanda ya fi ƙarfin a tambaye shi hujja, ko Bature ne, ko ni ce, ko liman ne. Addininmu da kansa ya ce da tsoron Allah ake fifiko, ba da asali ba. To, wa zai amsa mata?"

Suka taɓa gardama, amma ba da zafin ɗazu ba. Wasu suka sunkuyar da kai. Wani ya ce al'ada ce, wata ta ce ai Baturen ma al'adarsu ce a lokacin. Aka buga ƙarfe, kowa ya watse.

Kafin mako ya zagayo muryarta ta shiga wayoyi. Har yau ba ta san wanda ya ɗauka ba. Abin da ta sani shi ne an yanko wuri biyu an haɗe. Ana jinta ƙarara tana cewa baƙar fata ba shi da hankali, kamar yaro yake, sai kuma a ji ta ce ba wanda ya fi ƙarfin a tambaye shi, ko liman ne. A tsakani an bar guntun maganar Batulu, daidai inda ta ambaci sunan kawunta da kalmar bawa. An cire Baturen, an cire tsoron Allah. Saƙon ya bi Agiye, ya kai Tibiri, ya tsallaka iyaka ya dawo da ƙarin bayani, wai wata malamar boko ce take zagin baƙaƙe da limamai.

Mustafa a kasuwar Cadawa ya ji. Yana tsugune yana auna aya, mai saye ya kunna waya ya ce, "Ji abin da ake koya wa ƴaƴanmu." Mustafa ya gane muryar da yake ji kullum a tsakar gidansa. Ya ƙulle buhu, ya hau babur ya nufi gida tun kasuwa ba ta ci rabi ba.

"Maman Nazira, mi kika yi?"

"Aikina na yi."

"Ke kika ce baƙin mutum ba shi da hankali?"

"Baban Nazira, dube ni. Ni fara ce?"

Ya zauna a kan turmi ya riƙe kai. "Ni na sani. Amma kasuwa guda zan bi in gaya wa kowa?"

Aka kira ta buron direkta. Ta tarar da Alhaji Rabilu, shugaban kwamitin iyaye, babban ɗan kasuwar hatsi wanda ya gina wa makarantar aji biyu, da wasu dattawa a jere. Ta durƙusa ta gaishe su. Alhaji Rabilu ya ɗora wayarsa a kan tebur ya kunna, kowa ya saurara kamar bai taɓa ji ba.

"Malama, wannan muryarki ce ko ba taki ba?"

"Tawa ce, Alhaji, amma an yanke. Maganar wani Bature nake juyawa don yara su..."

"Taki ce ko ba taki ba?"

"Ranka ya daɗe, in mutum ya karanta maganar Fir'auna a cikin tafsiri, shi ya faɗe ta?"

Ɗaya daga cikin dattawan ya yi salati. "Kun ji ko? Yanzu kuma littafin Nasara take haɗawa da tafsiri."

Ta ce a kawo littafin, yana nan a cikin kabad, da hatimin gwamnati a bangonsa. Alhaji Rabilu ya ce su ba su iya Faransanci ba, kuma ba littafi suka zo tuhuma ba. Ta ce a kira ɗaliban, aji guda ne cur suka ji. Aka kira uku. Suka tsaya a bakin ƙofa suna kallon ƙafafunsu, iyayensu ko abokan iyayensu suna zaune a gabansu. Na farko ya ce shi yana baya bai ji sosai ba. Ta biyu ta ce ranar kanta yana ciwo. Na uku, wanda ya fi kowa buga benci a ranar, ya ce gaskiya Madam takan bar mutane su faɗi abin da bai kamata ba.

Da dattawan suka fita, Mushe Munir ya rufe ƙofa ya sassauta murya. "Madam, ni na san darasin. Ni ma an koya mini shi. Amma a bar kaza cikin gashinta. Ki fito gaban kwamiti ki ce kin yi kuskure, harshe ne ya zame, shi ke nan a wuce wurin."

"In ce na yi kuskuren mi? Na karanta abin da kuka ba ni in karanta?"

"Ki ce dai kin yi kuskure. Ba sai kin faɗi wanne ba."

"Kai ka fita ka gaya musu yana cikin tsarin karatu mana, Mushe. Kalma guda daga bakinka ta isa."

Ya kalli taga. "Sauran azuzuwan da ke ƙarƙashin rumfar zana, wa kike jin zai gina su?"

Kwanakin da suka biyo baya sun yi mata tsawo. Matan da suke gaisawa a bakin famfo suka koma kallon bokitansu. Mai kayan miya ya riƙa miƙo mata canji ba tare da ya ɗago ba. Nazira ta dawo daga lakol tana kuka, an ce mata uwarta ta fita daga addini. Wata safiya aka ga motar jandarma a ƙofar makaranta, wai don tsaro, kuma hakan ya ƙara tabbatar wa mutane cewa lallai babban laifi aka yi.

Ta yanke shawarar zuwa wajen babban limamin garin, dattijo mai ilimi wanda ya taɓa jin sunan mahaifinta. Mustafa ya raka ta bayan la'asar. Ta zauna daga bakin zaure ta kwashe labari duka. Liman ya saurara har ƙarshe, shi ne mutum na farko da ya yi haka.

"Ɗiyar Malam Inusa, ba ki faɗi abin da ya saɓa ba. Littattafanmu sun yi magana a kan bawa lokacin da ake bauta. Ba su ce komai a kan jikan bawa ba. Abdulmumini na san shi, ni kaina zan bi shi salla."

Ta ji kamar an sauke mata dutse daga ka. "Allah gafarta Malam, to a faɗa ranar Juma'a. Ko a taƙaice."

Ya daɗe yana jan carbi. "Limancin ƙauyen can gadon gida guda ne tun kafa garin. In na taɓa shi a kan mumbari, na kunna wutar da ba ni da ruwan kashe ta. Ke gwamnati za ta ɗauke ki ta kai wani wuri. Ni a nan za a binne ni."

"To gaskiyar fa, Malam?"

"Tana nan. Ba ta ruɓewa. Ki yi haƙuri."

A hanyar komawa ta riƙa maimaita kalmar a ranta. Haƙuri, haƙuri, kowa haƙuri yake ba ta kamar sadakar goro.

Washegari ta nemi lambar tsohon malaminta na jami'a. Ta ce a ranta, duk abin da ya wuce ya wuce, wannan dai ƴancin tunani ne, abin da yake wa'azi a kai. Ya gane ta, ya ce saƙon ya iso har wayarsa. Ta roƙe shi ya yi bayani a rediyo cewa rubutun yana cikin tsarin karatu, kuma ana karanta shi ne don a rushe shi.

Ya yi dariya irin ta da. "Ai na gaya miki tun tuni. Mutanen nan ba su kai matsayin falsafa ba, kin zuba ruwa a kan rairayi. Amma ga dama. Muna da taro da baƙi daga waje a kan duhun kai a karkara. Ki zo ki ba da labarinki, zai yi armashi ƙwarai."

Ta riƙe wayar a kunne. Mutanen nan. Yaran da suka wargaza maganar Baturen cikin rabin darasi, da hujjojin da shi bai taɓa kawowa a lacca ba. Abin da yake faɗa da abin da ta karanta wa ajin ranar nan, uwarsu ɗaya ubansu ɗaya. Ta ce, "Na gode, Malam," ta kashe wayar.

Batulu ba ta sake zuwa aji ba. Amma wata ranar Asabar da hantsi aka yi sallama a ƙofar gida, Mustafa ya leƙa ya dawo ya ce wani dattijo ne a kan amalanken jaki, ya ce sunansa Abdulmumini. Basira ta yafa mayafi da sauri. A ranta ta ce ga mutum guda da zai ce mata sannu.

Dogo ne siriri, rigarsa fara tas duk da ƙurar hanya. Ya ƙi shiga, ya zauna a kan tabarma a inuwar itacen bedi. Bayan gaisuwa ya ce, "Malama, an ce kin kare ni."

"Allah gafarta Malam, gaskiya kawai na..."

"Wa ya aike ki?"

Bai jira amsarta ba, ya ci gaba.

"Abin da ke cikin littafi na san shi tun ba a haife ki ba. Na san an zalunce ni. Amma na yi shiru, na yi noma, na karantar da ƴaƴan waɗanda suka hana ni gaba. A hankali maganar ta fara mutuwa. Ɗiyana sun yi aure cikin mutane. Jikokina ba su taɓa jin kalmar nan ba. Yau daga nan har Agiye ba wanda bai san sunana da sunan kakana ba. Shekaranjiya jikana ya dawo daga wasa yana tambayata mi ake nufi da bawa."

"Malam, ba ni na ɗauki muryar ba. Kuma in kowa ya yi shiru, yaushe abin zai ƙare? Zalunci ne."

"Zalunci ne," in ji shi, bai ɗaga murya ba. "Amma nawa ne. Ni ya kamata in zaɓi ranar da zan yi maganarsa, ba aji guda na yara ba. Da yarinyar ta ambaci sunana, da kin ce ta bar suna ta riƙe tambaya."

Wannan ta shige ta fiye da duk abin da aka faɗa a buron direkta, domin ta rasa ta inda za ta karya ta. Ta ba shi haƙuri, shi kaɗai, da zuciya ɗaya. Ta tambayi Batulu. Ya ce uwarta ta kai ta Maradi wajen ƴan uwa, ƙauyen ya yi mata zafi. Ya tashi ya kwance jakinsa ya tafi, ko ruwan da aka kawo masa bai sha ba.

Gaban kwamiti kuwa ta ƙi zuwa. Ta ce ba za ta nemi gafarar abin da ba ta faɗa ba. Aka dakatar da ita daga shiga aji har ƙarshen shekara, tana zuwa ta zauna a ɗakin malamai tana jin wani mushe yana yi wa ɗalibanta shifta ta bango. Da aka tafi hutu, takardar canjin wuri ta fito. An mayar da ita wata koleji a yankin Sae Sabuwa, inda babu taminal, balle falsafa. Nahawun Faransanci aka ba ta. Mustafa ya yi gunaguni, don wurin ya yi nisa da Cadawa kuma hanyar rairayi ce, amma ya ɗaure kaya suka tafi.

A lisen da ta bari, an ce sakamakon bak ya yi kyau a shekarar da ta biyo, har aka yaba wa direkta. Batulu ta zauna jarrabawar a Maradi ta ci, ta shiga makarantar ungozoma. Malam Abdulmumini yana nan a sahu na biyu. Duk shekara Basira takan je buron ilimi ta nemi a mayar da ita koyar da abin da ta karanta, duk shekara a ce mata ana dubawa.

A Sae Sabuwa mutane ba su dame ta ba. Wasu sun ji labarin, amma sabbin saƙonni sun daɗe da binne nata. Tana koyar da jimloli da kalmomin aikatau, tana gyara kurakurai da jan biro, tana komawa gida. Ta yi ƙiba kaɗan, ta rage magana.

A bara wani matashin mushe ya kafa ƙungiyar muhawara a makarantar, ya roƙe ta ta taimaka. Direktan wurin ya yarda, da sharaɗin a riƙa nuna masa batun kafin ranar. Aka zaɓi abin da ba zai ta da ƙura ba: wa ya fi kashe itatuwa, awaki ko mutane? Aka jera benci a ƙarƙashin gawo, yara suka cika wurin, Basira ce alƙaliya. Abin ya yi daɗi fiye da yadda ta zata. Ɓangaren awaki suka kawo hujja, ɓangaren mutane suka mayar, ana dariya ana tafi. Ta ji wani abu da ya daɗe da kwanciya a ƙirjinta yana motsi.

Sai wata ƴar aji uku, ƙarama mai kaifin ido, ta miƙe ta ce, "Ni a ganina ba laifin awaki ba ne. Da akwai makiyaya a yammacin gari inda dabbobin Fulani da namu suke kiwo. Da aka sayar da ita aka mayar gonaki, dole dabbobi su faɗa wa itatuwa. Kuma kowa ya san wanda ya sayar, shi ne..."

"Ya isa," in ji Basira. "Wannan ba ya cikin batu. Zauna."

Yarinyar ta tsaya baki buɗe. "Madam, ai hujja ce."

Basira ta ga wayoyi biyu a hannun manyan ɗalibai a baya. Tana iya cewa ta bar suna ta ci gaba da hujjarta, ta san haka sarai. Amma bakinta ya riga ta. "Na ce ki zauna."

Yarinyar ta zauna, ta sunkuyar da kai. Muhawarar ta ci gaba sama-sama, aka ba ɓangaren mutane nasara, aka watse. Direkta ya zo ya ce mata ta iya riƙon taro.

Da ta koma gida ta tarar da Mustafa yana wanke babur. Ta tsaya a kansa ta ba shi labari duka.

Ya matse tsumma ya ce, "To ai hankali ke nan, Maman Nazira. Kin tsare yarinyar, kin tsare kanki."

"Hujjarta ta fi ta kowa a wurin."

"Na yarda. Amma kin ga yau za mu kwana lafiya."

Ta dube shi, ta ga da gaske yake, kuma ba ta da abin da za ta ce ya yi ƙarya. Ta shiga ɗaki ta jefa jakarta a kan gado. Nazira ta leƙo ta ce tuwo ya nuna. Ta ce su ci, ita ba ta jin yunwa, ta jawo tarin takardun nahawu da ke jiran gyara.